Yadda Don Hilario Ya Nemi Sa Kunkuru Barci

Don Hilario Scarpatti ya iya komai. In ba ka yarda ba, ka tambaye shi.

Da suka tare a gininmu na unguwar Almagro, hawa na uku, ƙofarsu na kallon tawa, ko kayansu ba su gama kwancewa ba sai da ya koya wa mai kula da gini riƙon tsintsiya, ya kuma sanar da mahaucin layinmu cewa ba haka ake sara haƙarƙari ba. Duk maganarsa da jirgin ruwa take farawa. Zai ɗaga yatsa ya ce, "Lokacin da nake jirgi," sai ka nemi wurin zama. Ya dai yi aiki a jirgi, wannan gaskiya ne, wanda ke kai mutane Montevideo ya dawo da su. Matarsa Doña Nilda ce ta tsegunta mini muna shan mate, shayin ganyen da muke sha a nan, cewa burodi da kofi yake sayarwa a kantin jirgin, ɗakin inji kuwa ko ƙofarsa bai taɓa turawa ba.

Su uku suka tare: shi, da ita, da Casimiro. Casimiro kunkuru ne. Mahaifiyar Nilda ta kawo shi daga ƙauyensu tun Nilda tana 'yar mitsitsiya, ya ga bikinta, ya ga rasuwar uwar, yanzu kuma shi kaɗai ya rage mata daga gidan da ta tashi. A tsohon gidansu na bayan gari, da sanyi ya kama sai ya daina cin latas, ya shige ƙarƙashin tarkace a ɗakin ajiya, ba a sake jin ɗuriyarsa sai hunturu ya wuce. Barcin nan dole ne a gare shi. In ya farka a tsakiyar sanyi, cikinsa bai farka ba, ba ci ba sha sai yawo, har ɗan kitsen da ya tara ya ƙare ya mutu.

Gininmu tsoho ne, ɗuminsa ta ƙasa yake zuwa. Tukunyar ruwan zafi tana can ƙarƙashin gini, bututai kuma an binne su cikin simintin da ke tsakanin hawa da hawa. Kowane gida akwai 'yar ƙofa a bango kusa da kicin, da makunnai irin na famfo a ciki. Sai dai wanda ya zana ginin ya yi abinsa a juye. Makunnan da ke gidanka na simintin da ke bisa kanka ne, daɓen da kake takawa kuwa yana hannun wanda ke ƙasa da kai. Shi ya sa farkon sanyi kowa yakan cika faranti da burodin medialuna, ya sauka hawa ɗaya, ya ƙwanƙwasa, a gaisa, a zagaya da mate, sannan ya ce don Allah maƙwabci a rage mini kaɗan, ko a ƙara. Ko ba kwa ga maciji da juna, ranar sai kun yi wa juna fara'a.

A ƙarƙashin su Don Hilario, Doña Amparo ce, tsohuwa mai ciwon gaɓoɓi, wadda ko ana narkewa don zafi da suwaita take fita. Makunnanta kullum a buɗe suke, don silin ɗinta ma yana sauko mata da ɗumi. Don Hilario kuwa ya riga ya ɓata da ita. A cikin lifta, gaban mutane, ya gaya mata cewa daga ƙamshin da ke hawo masa ya gane tana ƙona miyar tumatir.

Wata safiya cikin watan Yuli, tsakiyar hunturunmu, Nilda ta buga mini ƙofa, idanunta jajur.

"Tita, zo ki gani. Ya tashi."

Ina sa ƙafa a falonsu zafi ya mare ni. Ga Casimiro a tsakiyar ɗaki, ya miƙe wuya, yana taku da izza, ya nufi ƙafar tebur ya ture ta, ya juyo ya nufi ta kujera. Don Hilario na tsaye da singileti da gajeren wando, ya riƙe ƙugu, yana nazari.

Na ce, "Ai abin mai sauƙi ne. Ku sauka wurin Amparo da faranti, ta rage muku." Na yi masa bayanin makunnan tiryan-tiryan.

Ya saurare ni da murmushin tausayi. "Maƙwabciya, ba raini ba. Makunni a gidana, ɗumi a gidan wani? Wane injiniya ne zai yi haka?"

"Wanda ya gina mana gida."

"Zafi sama yake tashi, ruwa ƙasa yake gangara. Lokacin da nake jirgi..."

"Tsoho," in ji Nilda, "na riga na sauka da faranti. Ta cinye tas, ta side hannu, ta ce a turo mata mai hancin da ya jiyo ƙaurin miyarta da kansa."

"Ni? In je in durƙusa wa mai ƙona tumatir? Ki ba ni zuwa cin abincin rana, tsohuwa. Casimiro zai yi barcin da tun da aka ƙyanƙyashe shi bai taɓa yi ba."

"To a kira mai gyaran famfo."

"Ina raye?"

Mai kula da gini ya tafi Corrientes duba mahaifiyarsa, babu wanda zai taka masa burki. Nilda ta dube shi sama da ƙasa, ta ce a hankali, "Hilario, kafin in san ka na san shi. In wani abu ya same shi, akwatinka zan fara haɗawa kafin in zauna kuka."

Ya shiga ɗaki ya fito da hular jirgi a kansa. Ya buɗe 'yar ƙofar bangon, ya murɗe makunnan ɗaya bayan ɗaya har sai da jijiyoyin wuyansa suka tashi, sannan ya durƙusa ya shimfiɗa tafin hannu a daɓe, ya lumshe ido.

"Kun ji? Ya fara sauka."

Ba mu ji ba. Casimiro ya zo ta baya, ya tsaya ya ƙare wa babban yatsan ƙafarsa kallo, jajur da shi don zafi, ya kai masa cizo. Don Hilario ya ce wannan alama ce ta samun sauƙi.

Abincin rana ya zo ya wuce, aka kwana aka tashi, falon yana nan yadda yake. Washegari ina can, don ni kam na daina komawa gidana sai in cire tukunya daga wuta, sai ga ƙwanƙwasa. Don Benigno ne na hawa na huɗu, tsohon malamin goge, mutum mai sanyin hali da ko tari yakan nemi izini kafin ya yi. Ya sha babbar riga a kan suwaita, ya naɗe wuya, ga hula mai rufe kunne, hancinsa na ɗiga. Suka tsaya suna kallon juna a bakin ƙofa, wannan yana karkarwa, wancan yana tsiyayar gumi.

"Don Hilario, ka gafarce ni. Ban zo da faranti ba, don na kawo tun farkon sanyi."

"Na tuna. Sun yi daɗi. Na ɗauka maraba kake yi mini."

"Roƙo nake yi a bar mini ɗumina. Yanzu kuma ka rufe ni."

"Nawa na rufe."

"Waɗannan nawa ne. Naka suna wurin Doña Amparo."

Don Hilario ya juyo ya dube ni. "Ke kika shirya masa maganar, ko?" Ya dafa kafaɗar malamin. "Don Benigno, jini ne. In mutum ya manyanta jininsa yakan yi kasala. Ka riƙa hawa bene da ƙafa, ka ci tafarnuwa. Dube ni."

"Ina kallonka. Mate na zuba da safe, kafin in kai baki ya huce. Yatsuna sun ƙi lanƙwasa."

"Ka gani? Jini."

Don Benigno ya yi godiya, don shi ko mari ka yi masa sai ya gode, ya koma sama yana jan hanci.

Daga nan Don Hilario ya shiga mataki na gaba. Ya wangale tagogi da ƙofar baranda. Iskar kogi ta shigo ta kwashe labule, ta watsa takardun da ke kan tebur, wata tattabara ta biyo ta ta zauna a kan hoton aurensu. Muka zauna kunnuwa na daskarewa, tafin ƙafa na gasuwa. Shi kuwa Casimiro a ƙasa yake, inda zafin yake, ko a jikinsa. Aka ɗora shi kan tebur, ya nufi bakin teburin kai tsaye, da ƙyar Nilda ta cafe shi. Aka kai shi baranda, yayyafi ya sauko, aka dawo da shi. Nilda ta miƙa masa latas, ya kau da kai. Ta yanka masa kokwamba, ya taka ya wuce. Ta auna shi a tafin hannunta ta ce ita dai ji take ya rage nauyi.

Don Hilario ya tsaya yana kallon firji.

"A aljihun kayan lambu akwai wuri," in ji shi.

"Akwai," in ji Nilda. "Kanka ma zai shiga."

Ya bar zancen firji. Ya tattaro tawul da barguna da zanen gado, ya jiƙa su sharkaf a baho, ya shimfiɗe falon da su, ya rufe tagogi don kada sanyin da zai haɗa ya gudu. Ba a jima ba tururi ya fara tashi. Tabarau ɗina ya rufe, gashin Nilda ya cukurkuɗe, takardar bango ta saki daga sama ta fara saukowa a hankali. Can sai muka ji ƙas, sai kuma ƙas. Ƙananan katakon da aka jera a daɓen ne suka sha ruwa suka kumbura suna tsalle ɗaya bayan ɗaya. Casimiro ya samu abin hawa, yana hawa yana gangarowa.

"Zafin ne ke fita," in ji Don Hilario daga cikin hazo, ba ma ganinsa sai hular. "Dole ya samu hanya."

Na yi dariya har sai da na riƙe bango. Nilda ba ta yi ba, sai na haɗiye sauran.

Da gari ya waye ya ɓace. Can wajen hantsi muka ji hayaniya a ƙofar gini. Na leƙa ta ramin bene, sai ga Don Hilario yana turo baro shaƙe da ƙanƙara, ya aro daga mai kifin kasuwa. Ya cusa baron a lifta ya hawo, ya bar ƙofar liftar da ta gidansa a buɗe don kada su tsare masa hanya, ya juye ƙanƙarar a tsakiyar falo, ya baza ta da tsintsiya. Ya koma ya sake ciko wani. A hanya duk wanda ya gamu da shi sai ya gayyace shi.

"Ku zo ku ga yadda ake sanyaya ɗakin inji. Kyauta ne, ba na karɓar ko sisi."

Suka kuwa zo. Likitan haƙori na hawa na biyar da matarsa, 'yan'uwa mata biyu masu ɗinki na hawa na ɗaya, har da mai kawo wasiƙa da ya shigo a kan aikinsa. Suka cika bakin ƙofa suna leƙe. Ƙanƙarar kifi ce, ta kwana da kifi, ta tashi da kifi, da ta hau daɓe mai zafi kuwa sai ta saki duk abin da ta sani. Matar likita ta toshe hanci da gyale. Kyanwoyin gini, har da waɗanda ban san muna da su ba, suka fara hawowa a jere. Ruwa ya bi tsakanin katakon da suka ɓalle ya nemi ƙasa.

Don Hilario ya hau kujera don kowa ya gan shi. Ya ɗaga yatsa ke nan, sai muka ji takun sanda a bene. Doña Amparo ce, laima a buɗe bisa kanta, ruwa na ɗiga daga gefenta.

"Wane ne yake yi mini ruwan sama mai ƙarnin kifi a kan gado?"

"Harkar kimiyya ce, Doña, ba za ki gane ba."

"Na gane mai hanci. Ni miyata ƙauri take yi, kai gidanka me yake yi?"

'Yan ɗinki suka tuntsure. Don Hilario ya ce, "Nan da ɗan lokaci daɓen nan zai yi sanyi ƙalau."

"Da wuya," in ji ta. "Tun jiya nake jin wani sanyi-sanyi na sauko mini daga silin. Akwai ɗan abin da ya rage a makunnin da ban taɓa buɗewa ba. Na sa tawul na murɗa shi har ƙarshe."

Daidai nan Don Benigno ya gangaro ta bene, lulluɓe da bargo har ka, ido kawai ake gani. "Don Hilario, ka gafarce ni, igiyar gogena ta tsinke don sanyi. Ko rabi ne ka buɗe mini."

Jama'a suka goya masa baya, kowa na cewa a buɗe. Don Hilario ya sauko daga kujera, fuskarsa ta yi ja. "Ku duka an ruɗe ku. Matsalar ɗaya ce, makunnin bai rufu sosai ba, akwai inda yake zurara. Ku matsa." Ya ɗauko wata ƙatuwar sifana da ya saya don ranar, ya maƙala wa babban makunni, ya tokare ƙafa a bango, ya ja da dukkan ƙarfinsa.

Ƙarar ba ta da yawa. Ya dai zauna daɓas cikin ruwan kifi, sifana a hannun dama, kan makunni a hannun hagu. Abin ya karye a rufe. Don Benigno ya leƙa ramin bangon, ya leƙa hannun Don Hilario, ya ce a hankali, "Na gode."

Ana cikin dariya Nilda ta ce, "Ina Casimiro?"

Aka ɗaga barguna, aka leƙa ƙarƙashin gado, likita ya durƙusa da farin wandonsa cikin ruwa, aka kori kyanwoyi ana duba bakinsu kamar za su iya haɗiye kunkuru. Babu shi. Nilda ta fita baranda ta leƙa titi, ta dawo. Ta wuce ɗaki, muka ji ta jawo akwati daga kan kabad.

"Tsohuwa, tsaya, kunkuru ba ya nisa. Lokacin da nake..."

"Ka ƙarasa," in ji ta daga ciki. "Ka ƙarasa in ji."

Bai ƙarasa ba.

Doña Amparo ce, da yake idonta kullum a ƙasa yake saboda sanda, ta nuna wani jiƙaƙƙen sawu da ya fita ta ƙofa ya miƙe zuwa lifta. Liftar kuwa ba ta nan. Don Benigno ya ce shi ya kira ta sama ɗazu zai sauko, ya buɗe, ƙarni ya kore shi, ya bar ta a buɗe ya biyo bene. Ƙofar gidansa ma bai ja ba, don ba abin da ya rage a ciki da sanyi zai ɓata.

Muka ɗunguma sama gaba ɗaya, Nilda a gaba, Doña Amparo a baya da laimarta tana cewa a jira ta. Sawun ya fito daga lifta, ya shiga gidan Don Benigno, ya ratsa falo. Gidan sanyi ƙarara, numfashinmu na fita fari. A lungun bayan kabad, kusa da akwatin goge, ga Casimiro, ya janye kai da ƙafafu, ko motsi.

Nilda ta durƙusa a gabansa. Ta miƙa yatsa ta taɓa ƙafarsa ta baya. Shiru. Ta sake taɓawa. Sai ƙafar ta ƙara shigewa ciki, a hankali, irin ta mai barcin da ba ya son a dame shi. Nilda ta zauna a daɓen tana dariya hawaye na zuba, 'yan ɗinki suka rungume juna, likita ya fara tafi matarsa ta riƙe masa hannu.

Don Hilario ya kutso ta tsakiyar mutane, wando na ɗigar ruwan kifi, har yanzu kan makunnin na hannunsa. Ya dubi kunkuru, ya gyara hula.

"To, kun gani," ya ce da raɗa mai ƙarfi. "Na ce zai yi barci. Shirin ke nan tun farko. A sanyaya sama, a zafafa ƙasa, dabba da kanta ta bi hanya. Ban faɗa muku ba ne don kada ku ruɗe."

Doña Amparo ta yi dariya har sai da aka karɓe mata laima. Mai kawo wasiƙa ya zauna a kan jakarsa yana share ido.

Don Benigno ya ɗaga hannu daga cikin bargo. "Ku gafarce ni. Yaushe za a kira mai gyara?"

"Ba za a kira ba," in ji Nilda. Ta tashi ta karkaɗe siket. "Daɓen nan ba mai taɓa shi sai sanyi ya wuce. Don Benigno, ɗumi kake so?"

"Ƙwarai, Doña."

"Akwai gida a ƙarƙashin ƙafarka, ɗumi har ya yi yawa, ga gado babba. Ka ɗauki gogenka da kayan barcinka ka sauka. Ni da Casimiro muna nan. Tita, taimaka ki miƙo mini akwatin nan da na sauke, da barguna in akwai busassu."

Don Benigno bai tsaya gardama ba. Ya rungumi goge, ya ɗauki kofin da yake jiƙa haƙoransa, ya tambayi Don Hilario cikin ladabi wane gefen gado ya fi so. Mutane suka fara fita da sanɗa, suna toshe baki, ana jin dariyarsu na fashewa a bene.

Don Hilario ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire hular. "Tsohuwa, ni fa mijinki ne."

"Na sani, tsoho. Shi ya sa na bar ka inda ba sauran abin da za ka karya."

Ta tura ƙofar a hankali, don kada ta tashi kunkuru.